Rezo a cike, shafi ya ƙi buɗuwa: matsalar wifi ɗin wani sibar a Garwa

Wannan bayanin wani aiki ne da na yi a wani sibar kafe a Garwa can wajen babbar kasuwa, zamanin da 3G bata iso mana ba, kun dai san sai a 2014 Nexttel ta shigo da ita sannan MTN da Orange suka biyo baya a 2015, kafin nan galibin masu son intanet a nan arewa sai sun je sibar sun sayi awa. Na ga ya kamata in rubuta shi ne saboda irin tsofaffin akwatunan wifi ɗin nan har yau suna nan jibge a makarantu da ofisoshi da otal otal ɗinmu tun daga Ngaundare har Marwa har Kuseri, kuma ciwon nasu bai canja ba, maganin da mutane ke basu shima bai canja ba, wato a ƙara ƙarfi a ƙara eriya, alhali ba nan gizo ke saƙar ba.

Yadda wurin yake

Bene ne hawa ɗaya. Ƙasa nan ne sibar ɗin, kwamfutocin tebur jere biyu, daga gefe akwai ɗan ɗakin sakatariya inda ake buga takardu da fotokopi, sama kuma aji ne na koyar da kwamfuta. Tsakanin ƙasa da sama kankare ne mai rodi a ciki, rufin sama kwano, ƙofofi duk na ƙarfe. Intanet ɗin ta rediyo take zuwa daga hasumiyar wani kamfani da ke can wani ɓangaren gari, an kafa eriya irin mai ragar nan a kan dogon ƙarfe saman rufi, tana aiki a zangon 2.4 GHz a kan kanal 11, kuma wannan kanal ɗin kamfanin ne ya zaɓa, mu bamu da ikon taɓa shi.

Mai ginin ya kafa sharaɗi tun ranar da aka karɓi haya cewa ba za'a huda masa bango ba, shi yasa Alhaji mai sibar ya yanke cewa komai ya tafi ta iska, har kwamfutocin tebur da ba inda suke zuwa. Aka sayo kile ɗin wifi na USB da katuttukan cikin kwamfuta na okaziyon, duk wanda aka samu a kasuwa aka cusa. Akwatuna uku ne ke raba rezon: Linksys WRT54G mai shuɗi da baƙi mai ƙaho biyun nan a ƙasa, wata irinta a sama, sai D-Link a sakatariya wadda aka rubuta 108 Mbps ɓaro ɓaro a kwalinta.

Kukan da ake yi shi ne da sassafe ana lallaɓawa, hantsi na yi abu ya fara nauyi, daga la'asar zuwa bayan isha'i kuwa sai addu'a. Sandunan rezo a cike taf a kowace kwamfuta amma Yahoo ta ƙi buɗuwa, Skype murya na yankewa, Facebook hoto ya tsaya a rabi. Abin ya fi ciwo a watan Oktoba lokacin cike takardar cacar bizar Amurka, da kuma lokacin rajistar konkur, don a nan ne sibar ke samun kuɗin shekara, mutum ya gama cike komai ya zo wajen ɗora hoto shafi ya mutu, ya tashi yace a mayar masa da kuɗinsa ya tsallaka titi zuwa wani sibar.

Kafin a kira ni Alhaji ya riga ya kashe kuɗi sau uku. Ya ƙara kuɗin abonma don a ƙara masa gudu, ba abin da ya canja. Wani ya sayar masa da ampli, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, mai wat 1 da doguwar eriya aka jona wa akwatin sama. Sannan wani yaro mai gyara ya leƙa ya ga duk akwatunan uku suna kan kanal 6, yace ai cin karo suke, sai ya raba su: na ƙasa 5, na sakatariya 6, na sama 7. Niyyarsa mai kyau ce kuma ya hango rabin gaskiya, amma daga ranar abin ya ƙara lalacewa.

Raba intanet da wifi

Mutane suna haɗa abubuwa biyu su kira su rezo, alhali hanya biyu ce daban, akwai daga kwamfuta zuwa rauta, wato akwatin da ke raba rezon, akwai daga rauta zuwa duniya. Toh abin farko shi ne na jona laftof da kebul kai tsaye a bayan rauta da yamma lokacin da kowa ke kuka, shafuka suka buɗe, ba gudu na a zo a gani ba amma suna buɗewa, sai ɗan yankewa jefi jefi. Na koma kan wata kwamfutar tebur mai kile na yi ping, wato ɗan saƙon gwaji da ake aikawa a ga lokacin da zai ɗauka ya dawo, zuwa rautar da ke nan cikin ɗakin muna kallonta, abin da ya kamata ya dawo cikin milisakan biyu ko uku sai gashi yana kai ɗaruruwa, wasu ma su tafi basu dawo ba. Kaga kenan saƙon tun bai bar ɗakin ba ya riga ya wahala, ko da kamfanin zai ba Alhaji duk intanet ɗin da ke Duwala ba zata wuce wannan 'yar tazarar ba.

Na buɗe NetStumbler, wadda ita ce abin aikinmu a zamanin Windows XP, ta jero sunayen rezon da ke unguwar. Da yawa ne, kuma galibinsu a kan 6 suke zaune, don da yawa daga akwatunan lokacin da 6 suke fitowa daga kamfani, ita kanta WRT54G haka take, sunanta linksys kanal 6 ba makulli, mutum ya ciro daga kwali ya jona shikenan.

Lissafin kanal, a nan ne zan ɗan daɗe

Zangon 2.4 GHz ɗan fili ne ƙarami, daga 2400 zuwa 2483.5 MHz, kuma an bar shi ne ga kowa da kowa ba sai da lasisi irin na gidan rediyo ba, shi yasa kowane tarkace ke ciki. An yanka shi kanal kanal, tsakiyar kanal 1 tana 2412, kowane na gaba ka ƙara 5, wato 2 yana 2417, 6 yana 2437, 11 yana 2462, 13 yana 2472. A Amurka 1 zuwa 11 aka yarda, a Turai har 13, akwai 14 a 2484 amma wannan na Japan ne kawai. Inda matsalar take shi ne tazarar kanal da kanal 5 MHz ce, shi kuwa siginar wifi faɗinsa ya ninka haka sau huɗu da ɗoriya. Tsohon tsarin 802.11b na 1999 mai gudun 11 Mbps yana cin wajen 22 MHz, shi kuma 802.11g na 2003 mai 54 Mbps yana cin wajen 20.

Saboda haka in akwati yace yana kan 6, a gaskiya ya shimfiɗe ne daga 2426 har 2448. Na kan 5 ya kama daga 2421 zuwa 2443. Na kan 7 daga 2431 zuwa 2453. Duba da kyau, 5 da 6 sun hau kan juna da 17 cikin 22, haka 6 da 7, hatta 5 da 7 sun haɗu a fiye da rabi. Kuma shi 7 ɗin jelarsa ta shiga gonar 11 wadda ta fara daga 2451. Kafin akwati biyu su rabu da juna sosai sai an bar tazarar kanal biyar, 25 MHz kenan, shi yasa duk lambobin nan goma sha da ake gani a jere, uku ne kacal ke zama tare lafiya: 1, 6, 11.

Tambayar da Alhaji ya yi mai kyau ce, yace to Malam in hawa kan juna ne matsala ai da suna kan 6 gaba ɗaya sun fi hawa kan juna, me yasa yanzu ya fi muni? Amsar tana cikin yadda wifi ke magana. Kafin kowace na'ura ta aika saƙo sai ta saurara tukuna, in ta ji wani na magana ta dakata, in ya gama ta ƙara jiran wani ɗan lokaci na kacici kacici sannan ta aika, wanda aka aika wa kuma ya maido da amsar ya karɓa, in amsa bata zo ba a sake aikawa. Masu kanal ɗaya kamar mutane ne a zaure ɗaya masu jin yaren juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya kai aya kafin ya sa baki, in an yi yawa hira zata yi jinkiri amma duk wanda ya yi magana za'a ji shi. Na kanal ɗin gefe kuwa kamar injin niƙa ne a bayan katangar zauren, ba ka gane me yake cewa balle ka san yaushe zai tsaya, shi ma ba ruwansa da kai, sai dai kowa ya yi ta maimaita maganarsa.

Har a lamba an rubuta wannan bambancin. A tsarin g, in na'ura ta gane cewa abin da take ji wifi ne ɗan'uwanta a kanal ɗinta, tana ba shi hanya tun yana da rauni kamar -82 dBm a ma'aunin ƙarfin sigina. In kuwa ƙara ce kawai da bata iya karantawa, ba zata dakata ba sai ta kai wajen -62 dBm, wato sai ta fi wancan ƙarfi sau ɗari. Duk abin da ya faɗa tsakanin nan, na'ura zata aika saƙonta a kansa, saƙon ya lalace a hanya, a sake aikawa, ya sake lalacewa, sai katin ya ce bari in rage gudu ko za'a ji ni, ya sauka daga 54 zuwa 36 zuwa 24 har ƙasa, kuma duk saukar da ya yi saƙonsa ya ƙara daɗewa a iska, ya ƙara samun damar cin karo da wani. Sandunan rezo kuwa suna nan a cike don su ƙarfin muryar akwati kawai suke aunawa, basu san da hayaniyar da ke kewaye ba.

Ita D-Link mai 108 ɗin nan nata laifin daban ne. Wannan gudun na tsarin Super G ne na kamfanin Atheros, kuma yadda take samunsa shi ne ta haɗe faɗin kanal biyu ta zauna a tsakiya kan 6, sai fikafikanta su taɓo ɓangaren 1 su taɓo ɓangaren 11. A gidan da ba maƙwabci wataƙila ta yi amfani. A bakin kasuwa kam fitina ce.

Ampli

Shi wannan na fi jin haushinsa don shi ne aka fi sayar wa mutane. Akwati irin waɗannan namu ƙarfinsa baya wuce miliwat 100, a Turai ma iyakar da doka ta sa kenan a wannan zangon, shi kuwa ampli ya kai shi wat 1, ninki goma. Amma magana ai ta mutum biyu ce, akwatin ya samu babbar murya, ɗan kile ɗin da ke bayan kwamfuta yana nan da 'yar muryarsa. Mafi muni kuma an ajiye shi a sama, kusa da ƙarfen da eriyar kamfanin ke kai, yana kan 7 yana fesa jelarsa cikin 11, ita kuwa eriyar rufin tana ƙoƙarin jiyo sigina mai rauni daga nesa. Wato Alhaji da kuɗinsa ya sayi abin da ke toshe kunnen intanet ɗinsa. Wannan ne yankewar jefi jefi da na gani ko da na jona kebul.

Muka cire ampli. Akwatin sama muka kai shi kanal 1, mafi nisa daga 11 tunda shi ne kusa da rufi. Na ƙasa muka sa shi 6 daidai, tare da maƙwabta, ba gefensu ba. D-Link muka kashe rediyonta gaba ɗaya ta koma suwic, wato mai raba kebul kawai, don sakatariya taku kaɗan ce daga akwatin ƙasa, tun farko bata buƙatar nata.

Sama ta warke nan take, ajin ya koma aiki, hanyar rufi ta daina yankewa. Ƙasa ta samu sauƙi amma bata warke ba.

Maganar yaron sibar

Yaron da ke karɓar kuɗi yana ba mutane tikiti shi ya ba da bakin zaren, yana ta kallonmu sai yace Yaya ni fa na lura in aka ɗauke wuta muka tada gurup, rezon nan gudu yake kamar ba shi ba, ana dawo da wuta kuma ya koma halinsa. Alhaji ya taɓa jin wannan maganar ya ɗauka ko wutar gurup ce ta fi tsabta, har yana tunanin sayen sabon regilato. Ni kuma abin da na ji a ciki shi ne, a duk layin shagunan nan sibar ne kaɗai ke da gurup, in wuta ta tafi duk na'urar maƙwabta ta mutu an bar mana iska mu kaɗai. Ashe mai damun namu yana shan wutar gari kuma ba a cikin gininmu yake ba.

Zato na farko wifi ɗin maƙwabta ne, amma lissafi bai ba da haka ba, don duk da yawansu a kan 6 galibinsu da rauni suke isowa cikin ɗakin, bangon siminti da ƙofofin ƙarfe sun cinye su. Suna cin wani abu daga lokacin iska, tunda kowane akwati ko ba mai amfani da shi yana shelar sunansa wajen sau goma a sakan kuma a mafi ƙarancin gudu yake yinta, amma wannan bai isa ya kashe ping a ɗaki ɗaya ba. Sai muka yi gwaji mai sauƙi da akwatin ƙasa: a kan 6 ping na ɓacewa, muka kai shi 11 na ɗan lokaci nan ma yana ɓacewa, muka kashe na sama muka sa shi kan 1 sai ya zama tas. Abin da zai ɓata 6 ya ɓata 11 ya ƙyale 1, to yana zaune ne a tsakanin 6 da 11, kuma NetStumbler bata nuna kowa a wurin ba.

Dalili kuwa NetStumbler da inSSIDer da duk 'yan manhajar waya masu nuna kanal, katin wifi suke tambaya, shi kuma katin abin da ya iya karantawa kawai yake faɗa. Duk abin da ba wifi ba a wurinsa babu shi. Ana buƙatar abin da ke auna ƙarfin rediyo tsagwaronsa ko na waye. Masu hali suna da Wi-Spy, mu kam NanoStation M2 ta Ubiquiti na aro wurin wani abokin aiki, a cikinta akwai airView da ke zana duk abin da ke zangon, kuma tunda eriyarta gefe ɗaya kawai take kallo zaka iya juyata ka gane ta ina abu ke fitowa.

Hoton ya fito da wani tudu a tsaye a kusa da 2450, faɗinsa ya kusa na kanal guda, ya ciji saman 6 ya ciji ƙasan 11, kuma baya motsi, baya ɗaukewa ko na ƙiftawar ido. Kowa ya ji 2450 zai ce murhun mikro-ond ne don nan ne mitarsa, sai dai shi murhu yana kunnuwa yana mutuwa ne tare da bugun wutar gari, kuma minti kaɗan ne a kashe shi, balle ma a layin nan daga mai shayi sai mai tsire, wa zai ajiye shi. Bluetooth kuma tsalle yake tsakanin ƙananan kanal 79 sau 1600 a sakan, a hoto sai ka ga ɗigo ɗigo ko'ina, ba tudu ɗaya ba. Abin da ke zama daram a wuri ɗaya yini guda, wannan mai aika hoton bidiyo ne na analog.

Muka bi da NanoStation a hannu, tudun na ƙara tsawo in an fuskanci bangon gabas. Bayan bangon shagon wani Alhaji ne mai sayar da wayoyi, ya sa 'yar kyamara marar waya a saman kanta don ya riƙa kallon yaransa a talabijin daga ɗakin ciki. Da hantsi yake buɗe shago ya kunna, da dare in zai rufe ya kashe komai daga mita, kaga dalilin da sassafe ke da sauƙi. Irin wannan kyamarar bata sauraron kowa kafin ta aika, bata san ma akwai wani abu wifi ba. Kwamfutocin da ke jikin bangon suna jinta da ƙarfi har su ɗauka kullum hanya a cike take su ƙi magana, na nesa da bangon kuma su aika saƙo ya lalace.

A bayan irin waɗannan kyamarorin akwai ɗan makunni mai matsayi huɗu, yawanci 2414, 2432, 2450 da 2468. Tasa tana kan na uku, wanda shi ne mafi sharri gare mu don shi ke cin kanal biyu a lokaci ɗaya. Amma ko an matsar da ita ba tsira aka yi ba, na farko ya hau kan 1, na biyu ya hau kan 6, na huɗu ya hau kan 11, mu kuma duka ukun muna amfani da su.

Wannan ba aikin teknisiyan ba ne kuma, aikin manya ne. Alhajinmu ya same shi bayan magariba, da farko bai yarda ba, yace Alhaji kyamarar da ko intanet bata da shi ta yaya zata hana ku aiki, kuma gaskiya tambaya ce ta hankali. Muka ce ranka ya daɗe a zo a gani. Aka bar ping na tafiya a kan allo, yaronsa ya zare wutar kyamara, layuka suka daidaita, ya mayar suka watse, aka maimaita har ya gamsu. Abin da ya ƙarasa shawo kansa kuwa nasa ne, ashe ya daɗe yana fama da wasu layuka da ke gilmawa a hoton talabijin ɗinsa musamman da yamma har ya ɗauka kyamarar ce ta fara lalacewa, alhali wifi ɗinmu ne ke rama abin da ake masa. Alhajinmu ya biya kuɗin kyamara mai waya da kebul ɗinta, tazarar ma ba wani tsawo, hotonsa ya fito fes, tudun 2450 ya ɓace.

Tsofaffin katuttuka

Saura abu ɗaya da ba na rediyon waje ba. Wasu daga katuttukan okaziyon ɗin na 802.11b ne zalla, gudunsu 1, 2, 5.5 ko 11. Iska lokaci ake rabawa a cikinta, mai magana ɗaya a lokaci ɗaya. Saƙo mai bayit 1500 a gudun 54 Mbps bai kai rubu'in milisakan ba, a 11 ya ɗan haura milisakan ɗaya, a 1 Mbps kuwa milisakan 12 cur, kuma duk wannan lokacin kowa a tsaye yake yana jira. Ƙari a kan haka, da zarar akwatin g ya ga mai b a kusa sai ya kunna kariya, kafin masu g su yi magana sai an fara aika wata 'yar sanarwa da tsohon salo don mai b ya san hanya a kame take, wannan kaɗai yana zaftare gudu sosai. Dama 54 ɗin suna ne, abin da ke isa hannu wajen 20 ne da ɗan kai a rana mai kyau, na b kuma 5 zuwa 6.

Kuma saboda waɗannan tsofaffin ne aka bar makullin a WEP, wanda tun 2001 aka san a fashe yake. Da muka duba jerin waɗanda ke jone sai ga na'urorin da ba na gidan ba, wani daga nesa yana sha da sigina mai rauni, ba intanet ɗin da yake sha ba ne ma ya fi ciwo, jan da yake wa kowa zuwa ƙasa ne da gudunsa na 1 Mbps.

A nan na matsa wa Alhaji kan maganar kebul, don ni a ganina kwamfutar da ke kan tebur shekara da shekaru bata da hujjar cin iska. Kebul na Cat5e yana kai mita 100, a sa shi cikin 'yar robar nan da ake mannawa a gindin bango, wanda zai hau sama a bi da shi ta firam ɗin taga, ba huda ko ɗaya. Aka kira mai ginin ya gani da idonsa yace in dai haka ne ba komai. Jeren kwamfutocin ƙasa duk suka koma kebul, aka tattara katuttukan b aka zuba a kwali, akwatuna biyun aka sa su g zalla da makullin WPA2, wifi ya zama na masu zuwa da laftof da ajin sama kawai.

Wani abokin aiki ya kawo shawarar tunda b ta tafi a koma tsarin 1, 5, 9, 13 a samu kanal huɗu, kuma a lissafi daidai ne don g faɗin 20 yake. Ban bi ba saboda dalili biyu, laftof ɗin okaziyon da suka fito daga Amurka da yawansu basa ganin 12 da 13 sam, kwastoma zai zauna yace ba rezo, sannan maƙwabta suna kan 6 da 11, in ka zauna 5 ko 9 ka koma gefensu, abin da muka gudo kenan.

Daga baya kamfanin ya kafa na'urar 5 GHz a hasumiyarsa aka canja eriyar rufi, a can kanal irin 36, 40, 44, 48 tazarar 20 MHz ke tsakaninsu basa hawa kan juna, sai 11 ya zama namu muka matsar da akwatin ƙasa can ya bar cunkoson 6.

Sau ɗaya aka sake kirana cewa ciwo ya dawo. Lokacin zafi ne, irin zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, akwatin sama ya riƙa sandarewa, sabon yaron da aka ɗauka kuma aka koya masa a wani wuri cewa in rauta ta sandare a danna ɗan maɓallin baya a riƙe. Ya riƙe, ta koma yadda ta fito daga kamfani, linksys, kanal 6, ƙofa a buɗe, rabin layin shagunan suka hau. Muka mayar da saitin, muka ajiye kofinsa a kwamfutar kanta yadda za'a iya dawo da shi cikin minti biyu, aka sauko da akwatin daga kusa da kwano aka sa masa ɗan fanka, aka liƙe maɓallin da salatif, sannan aka rubuta a takarda aka manna a jikin kowane akwati: sama 1, ƙasa 11, in ta sandare a zare wuta a ƙirga goma a mayar.